Gashin ragon ya yi, amma ina kai da ƙafar?

Duk wanda ya san ni ya san ba na sakar wa kowa tukunyata. Shekarata 19 da aure, ko azumi ko sallah ni nake tsayawa a kan girkina, naman layya ma ni nake soya abina, in daka dambu, in ajiye na ajiyewa. Fita cin abinci muna yi, wata ranar Lahadin Abban yara ya kwashe mu zuwa Nasarawa mu ci gasasshiyar kaza ko kifi, a hanyar dawowa mu tsaya wajen mai tsire. Amma abincin taro a gidana, ban taɓa ba da shi waje ba sai wannan karon.

Babban ɗana ne ya sauke Alƙur'ani, muka sa walima ranar Asabar. Yayata ta matsa min lamba a kan in bayar a yi mana gashin rago sukutum, wai ta ci a wani biki har yau santinsa bai sake ta ba. Ita ta ba ni lambar mutumin, wajensa yana can ta titin Gidan Zoo. Ya ce ko dai mu sayi rago a hannunsu, ko mu kawo namu su yanka su gasa. Muka zaɓi kawo namu. Ranar Alhamis Abban yara ya je 'Yan Awaki ta Unguwa Uku ya zaɓo wani ɗan Uda, gabansa baƙi bayansa fari tas, ga ƙaho ya murɗe. Kun dai san yadda kuɗin dabba yake yanzu, ba sai na faɗa ba. Bayan an sauko daga Juma'a aka kai masa.

Bari in fara da gaskiyar da ba zan iya ɓoyewa ba. Wallahi tun da nake ban taɓa cin gashi irin wannan ba.

A kan wani ƙaton faranti aka shigo da shi, mutum biyu ke riƙe, an naɗe shi da takarda an ɗaure. Yayata ta sa wuƙa ta farke takardar, tururi ya taso, ƙamshin citta da kanumfari da masoro ya cika tsakar gida, har matan da ke cikin ɗaki suka leƙo. Bayansa ya yi ja yana sheƙi, babu inda ya ƙone. Na kama ƙashin cinya don in ga ta inda za a fara yanka, sai ƙashin ya zaro a hannuna fes, ko ɗigon nama bai biyo shi ba. Ashe wuƙar ma ba a buƙatarta. Da hannu muka dinga ɓara muna zubawa a faranti.

Abin da ya fi burge ni, yajin ya shige har cikin tsoka. Mu da muke girki mun san inda gizo yake saƙar: cinya mai kauri, sai waje ya ji gishiri ciki ya zauna salam. Shi na lura ya tsattsaga naman ya cusa tafarnuwa da kayan ƙamshi a ciki, kuma da alama ya bar shi ya kwana a haka kafin ya ga wuta. Takardar kuma ta riƙe romon, kitsen ya narke ya koma cikin shinkafar da aka cusa a cikin ragon, da karas da albasa da dankalin turawa. Shinkafar nan ita ta fara ƙarewa. Yajin ƙulin da ya haɗo da shi daban ma mai kyau ne, ba irin wanda ake cika wa dunƙule ya dinga kama maƙogwaro ba.

Surukata ta daɗe da barin cin nama saboda haƙori. Na yago mata ta wajen wuya na kai mata ɗaki. Can sai ga ƙaramar 'yata ta zo da faranti wai Hajiya ta ce a ƙaro. Da na shiga ta ce min, "Ke 'yar nan, wa ya gasa wannan? Allah ya yi wa hannunsa albarka." Daɗin da na ji a lokacin ba ya misaltuwa. A daren na tura lambarsa ga mutum kusan 6 da suka tambaya.

Sai dai yanzu da nake rubutun nan, raina ya sake ɓaci, don na tuna abin da daɗin naman ya mantar da ni.

Da bakina na kira shi ranar da aka kai ragon na ce, "Malam, fata ku riƙe, amma kai da ƙafa da kayan ciki a aiko min yau da yamma." Ya ce, "Hajiya an gama, kada ki damu." Ni kuwa na riga na tsara komai a kansu. Dangin Abban yara daga Bichi da sassafe za su iso, na yi niyyar su tarar da langaɓu da farfesun kayan ciki. Na je kasuwar Rimi na haɗo kimba da gyaɗar miya da daddawa, na sa an karɓo min gurasa daga Jakara, na ajiye itacen babbaka da 'yar jar kanwata. Kai da ƙafa ba girkin gaggawa ba ne. Sai an babbake, an kankare, an wanke, an fasa, sannan a ɗora tun dare ya yi ta dahuwa a hankali har romon ya yi danƙo yana kama leɓe. Shi ya sa na ce da yamma.

Magariba ta yi, shiru. Na kira, wai yaro yana hanya. Isha'i ta wuce, na sake kira, wai yanzu zai fito. To wanne ne gaskiya, yana hanya ko yanzu zai fito? Ƙarfe 10 na dare wayar a kashe. Da asuba baƙi suka iso, na rasa abin da zan sa musu a gaba, sai ƙwai na soya aka ci da gurasar nan da shayi. Babu wanda ya ce komai, amma ni na san abin da na shirya, kuma kunyar ta tsaya min a rai.

Shi kansa gashin, ƙarfe 1 aka yi da shi, bai iso ba sai kusan 3 da rabi. Mai A Daidaita Sahun ya ce cunkoso ne a titin BUK. Daga Gidan Zoo zuwa Kabuga ko da wane irin cunkoso ai ba a yin awa biyu da rabi. Malaman Islamiyyar da suka zo tun azahar wasunsu sun tafi ba su ɗanɗana ba, sai bin su aka yi da shi a kwano.

Tare da gashin ne aka miƙo min wata baƙar leda. Rabin hanta, huhu, da zuciya. Babu tumbi, babu hanji, babu ƙoda, kai da ƙafa kuwa ko alamarsu. Da na kira shi ranar Lahadi sai ya ce yaransa ne suka haɗa da na wasu, a yi haƙuri, zai aiko. Ranar Litinin ya aiko ɗin kuwa: wani ɗan ƙaramin kai da aka riga aka babbake, ko tushen ƙaho babu. Ragon da na gani da idona a ɗaure a ƙofar gida, ƙahonsa ya kusa taɓa ido. Abban yara ya ce in bar maganar, ba ta kai a yi rigima ba. Ni ba kuɗin ne ya dame ni ba. Amana na ba shi, da ya ce min tun farko ba sa mayar da kai da ƙafa, da a gida za mu yanka mu kai masa gangar jikin kawai. Maƙwabciyata na ba wa kan, ban iya dafa shi ba.

Na bi mutum 6 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya na gaya musu, idan za su kai masa, su yanka a gida, su cire abinsu, kuma su faɗa masa lokacin da ya gaza na gaskiya da awa biyu.

Satin da ya wuce na sayo ƙafar gaba ta rago, na tsattsaga, na cusa tafarnuwa da citta, na bar ta ta kwana a firij, na naɗe a takarda na sa a ƙaramar wuta awa 4. Ta yi laushi, yara sun cinye, amma wannan ƙamshin na garwashi da ya shiga nasa bai fito ba. Yanzu Abban yara yana cewa idan babbar sallah ta zo mu kai masa cinya biyu daga ragon layya. Har yau ban ba shi amsa ba.