Na'urar auna iska mai sensa huɗu: abin da heluman mahaƙar kwal ya gani

Ba ta wuce tafin hannu ba. Baƙa ce mai rigar roba, da ɗan maƙali a baya wanda ake sarƙafawa a ƙirji, kuma iska huɗu take aunawa lokaci guda: metan, oksijin, kabon monoksayid, da haidirojin salfayid mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ita aka raba wa kowane heluma a mahaƙar kwal ta ƙarƙashin ƙasa da nake aiki, kuma na daɗe ina shiga rami da ita.

Metan ce babbar abokiyar gabarmu. Ba wari, ba launi, daga jikin kwal ɗin take tsatsowa, kuma da yake ba ta kai iskar da muke shaƙa nauyi ba, can saman rufin rami take taruwa. In ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin 100, tartsatsi ɗaya ya isa ta fashe. Shi ya sa ba a jiran ta kai can. Dokar Amurka, alal misali, ta ce a yanke wutar injuna a kashi 1, a fitar da mutane a kashi 1.5. A bakin inda ake yankan kwal nakan miƙa hannu sama dab da rufi, in ɗan tsaya, sai in ga lamba tana hawa a hankali, 0.2, 0.3, 0.4. Allon yana karantuwa sosai da hasken fitilar goshi, maɓallan kuma suna dannuwa ko da safar hannu. Wanda ya bar ta rataye a ƙugu, iskar ƙugunsa kawai yake aunawa.

Amma sensar metan ɗin tana da aibi, kuma mai sayarwa ba ya gaggawar faɗa. Irin wadda ke ƙona ɗan gas a kan wata 'yar ƙwaya mai zafi ce, to ƙuna kuwa sai da oksijin. A tsohon lungun da aka toshe, inda oksijin ya sauko daga 20.9 zuwa ƙasa da kashi 10, za ta iya nuna maka ƙaramar lamba alhali wurin cike yake da metan. Feshin mai ko man goge mai silikon shi ma yana kashe ta a ɓoye: na'ura a kunne, allo na haske, amma ba ta jin komai. Maganin shi ne gwajin kullum kafin a sauka, a busa mata gas daga kwalbar gwaji a ga ko za ta yi kuka. Akwai samfurin da ke aiki da hasken infared, wanda bai damu da oksijin ba. Da ni ke sayayya, shi zan ɗauko wa masu duba tsofaffin lunguna.

Sensar kabon monoksayid, iska mai guba da ƙuna ke fitarwa, kam madalla, tana da saurin ji. Hayaƙin injin dizal ma in ya wuce sai ta motsa. Ban ga laifinta ba, don wannan iskar ce ta kashe akasarin mutum 301 da suka rasu a Soma ta Turkiyya a 2014. Saboda ita ne mahaƙan Birtaniya suka riƙa shiga rami da kanari a keji har zuwa 1986, don tsuntsun yakan riga mutum galabaita in iskar ta taru.

Ƙararrawar na'urar ba ta kai yadda ake kurantawa ba. Kusa da injin yanka, da toshiyar kunne, ba ka jin komai. Jijjigar da take yi a ƙirji da jar fitilar ne ke aiki. Ƙurar kwal tana toshe filtarta da wuri, batir kuma in ya fara tsufa da ƙyar yake kai ƙarshen dogon duti.

Abin da ya sa nake ƙaunarta duk da haka shi ne ba ta mantuwa. Duk abin da ta auna tana ajiye shi da lokacinsa, da ka ɗora ta a kan mazaunin caji sai ya wuce kwamfutar ofis. Wanda bai yi aikin rami ba ba zai gane darajar wannan ba. A nan tan ake ƙirgawa, kuma kuɗin ƙwazo a kan tan yake. Duk sanda aka tsayar da injin don metan ta hau, aljihun kowa ne ya taɓu, daga manaja har mai shebur. Na taɓa ɓare salatif daga bakin wata sensar bango da hannuna, kuma wanda ya liƙa ba mugu ba ne, magidanci ne mai lissafin ƙarshen wata. A Ulyanovskaya ta Rasha, inda mutum 110 suka mutu a 2007, masu bincike sun gano an yi wa na'urorin auna metan katsalandan don kada aiki ya tsaya. A Pike River ta New Zealand, mutum 29 a 2010, hukumar bincike ta ce an fifita fitar da kwal a kan lafiyar ma'aikata. Yanzu in na ce a tsaya aka fara yi mini kallon mai hana ruwa gudu, ba na doguwar gardama. Lambar ta riga ta shiga, sufeto zai gan ta ko mun so ko mun ƙi.

Sai dai fa sai in akwai mai buɗe bayanan ya karanta kafin haɗari. A wurare da yawa bayan an fito da gawawwaki ake tunawa da su.

Ga kamfanin da zai saya: ya haɗa da mazaunin gwaji, da kwalbar gas da ba ta wuce wa'adinta ba, da filta da batir na canji, ya kuma ɗora wa mutum ɗaya alhakin duba bayanan kowane duti, mutumin da albashinsa bai rataya a kan tan ba.