Skyrim: kaza ɗaya ce ta kama ni

Na zo wa wasan bidiyon Skyrim a makare. Kamfanin Bethesda ya fitar da shi tun ranar 11 ga Nuwamba 2011, ni kuwa sai bana na zauna masa a kwamfuta, kuma yanzu na gane abin da ke hana mutane barci.

Wasan yana buɗewa da kai ɗaure a keken doki, za a kai ka garin Helgen a fille maka kai. Har ka ɗora wuya a kan gungume sai ga Alduin, dodo mai fukafukai, ya sauko yana aman wuta. Da ka tsira, ƙasar gaba ɗaya taka ce. An ce ka kai labari birnin Whiterun, amma ba mai bin ka da bulala.

Abin da ya kama ni bai kai dodo girma ba. A ƙauyen Riverwood ina gwada sabon takobi, sai na kai wa wata kaza sara. Kafin in ankara mutanen gari sun yo kaina da makamai, har da maƙerin da muka gama gaisawa. Na arce ina dariya, amma tun daga ranar na daina kallon wurin kamar zane a bango. Ashe kazar tana da masu ita, kuma abin da ka yi ba ya tafiya a banza.

Haka batun ƙwarewa. Fannoni 18 ne, ba a ɗaure ka da sana'a ɗaya tun farko. Abin da ka yawaita yi shi ke haɓaka. Na shiga da niyyar zama jarumin takobi da garkuwa, sai na wayi gari maharbi mai sanɗa cikin duhun kogo, don kawai hannuna ya fi faɗawa da baka. Ba wanda ya tsara min wannan hali. Da na tara zinari 5,000 na sayi ɗan gidan Breezehome, na ɓata kusan awa guda ina jera littattafai a kanta, ni da ɗakina na gaske ke jiran shara.

Faɗan takobin dai bai burge ni ba, sara ne da karewa, kuma in ka shiga kogwanni da yawa sai su fara yi maka kama da juna. Wanda ke neman faɗa mai zafi zai iya gajiya.

Dattawan nan da ake kira Greybeards sun daɗe da kira na zuwa High Hrothgar, can saman dutse, ta hanyar da ake ce wa Matakala Dubu Bakwai. Sau biyu ina kama hanya. Na farko wani kango na hango na ratse. Na biyu kuwa dare ya yi min a gindin dutsen ina tsinkar furannin haɗa magani.