Mako uku kare yana kuka a bayan gidana a Manchesta

Shekara huɗu ke nan ina zaune a Manchesta, kuma ban taɓa jin kunya irin wadda na ji wata safiya a cikin watan Janairu ba, a bakin ƙofar gidan da nake haya, a kan kare. Dawowata ke nan daga aikin dare, ko takalmi ban cire ba, sai na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Wata mata ce sanye da kayan aiki, riƙe da ɗan littafi, ta ce ita jami'ar kare haƙƙin dabbobi ce, tana so ta san ko ina jin kukan kare daga gidan da ke manne da namu. Na ce ƙwarai kuwa, ai har barcin rana yake hana ni. Ta tambaye ni tun yaushe, na yi lissafi na ce zai kai mako uku. Sai ta ɗago kai ta dube ni, ba da faɗa ba, ta ce: “Mako uku, kuma ba ka kira kowa ba?”

Na rasa abin cewa. Gaskiyar magana ita ce a kunnena kukan kare da carar zakara duk ɗaya ne, abu ne da na tashi ina ji ba tare da na taɓa tambayar dalilinsa ba. Ta nemi izinin leƙawa ta tagar ɗakina na sama, muka hau tare, kuma a ranar na fara kallon abin da nake ji kullum. An ɗaure shi da gajeriyar sarƙa a jikin bututun ruwa, a kan jiƙaƙƙen siminti, haƙarƙarinsa duk a waje ana iya ƙirga su, ruwan da ke cikin kwanonsa ya daskare ya zama ƙanƙara, sarƙar kuma ta cinye gashin wuyansa har ta kai ga nama. Da ya gan mu bai yi haushi ba, jela kawai ya kaɗa sau biyu ya mayar da kai ƙasa. Taga ɗaya ce tsakanina da shi, ni kuwa sai dai in ja labule in yi tsaki.

Da yamma ta dawo tare da ɗan sanda, domin ita kaɗai ba ta da ikon shiga gidan mutum. Suka kwance shi, suka naɗe shi a bargo, suka goga masa wata na'ura a bayan wuya, take lambarsa ta fito, wadda da ita ake gano sunan mai shi da adireshinsa. Tun watan Afrilun 2016 doka ta wajabta a sanya wa kowane kare wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata kafin ya wuce mako takwas da haihuwa, wanda ya ƙi kuma tararsa tana iya kaiwa fam 500. Dokar kula da dabbobi ta 2006 ta ɗora wa mai dabba nauyin abincinta da makwancinta da lafiyarta, har da barinta ta yi irin rayuwar da aka halicce ta a kai, kuma tun 2021 wanda aka kama da azabtar da dabba yana iya shan ɗaurin shekara biyar, alhali a da wata shida ne iyaka. Ba jiya suka fara ba, domin ƙungiyar RSPCA, mai kare haƙƙin dabbobi, tun 1824 aka kafa ta. Abin da ya fi burge ni shi ne akwai lambar da za a kira, akwai kuma mutumin da aikinsa ne ya zo.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa kare a nan ya huta. Daga baya na ji cewa maƙwabcin nawa aikinsa ne ya ƙare, ya koma wajen wani aboki, yana zuwa jefi-jefi ya watsa wa karen abinci ya tafi. Irinsa suna da yawa, musamman waɗanda suka sayi 'yan kwikwiyo a lokacin kullen korona saboda kaɗaici, suka gudu da suka ga ɗawainiya. Asibitin dabbobi a nan ba na gwamnati ba ne, kuɗi ake biya tun daga gaisuwa, kuma tiyata ɗaya tana iya lashe albashin wata na mai aiki irin nawa, shi ya sa mutane suke yi wa karnuka inshora kamar mota. Akwai ƙungiyar PDSA da take duba dabbobin marasa hali tun 1917, amma sai wanda ya cika sharuɗɗanta. Sannan ga wani zalunci da ake yi da sunan so: ana ta haɗa irin karnuka masu dannannen hanci domin ana ganin sun yi kyau, su tashi numfashi yana yi musu wuya, kana tafe a hanya kana jin kare yana minshari ido biyu. Ni kaina akwai abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya, wato in ɗauki hanyar masallaci ranar Juma'a da farar riga, kare ya sheƙo ya dafa ni da ƙafafu duk laka, mai shi kuma yana can nesa yana ɗaga murya wai ba ya cizo. Haka kuma yana yi mini ciwo in ga an duba kare a ranar da aka kai shi, ni kuwa sai na yi kwanaki ina jiran layin ganin likita.

Amma duk wannan bai goge tambayar matar nan daga raina ba, domin a daren ranar Duna na tuna, karen mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Shekara tara yana gadin garken awakinmu, shi ne yake raka mu gona da asuba, shi ne kuma ya taɓa tsayawa tsakanin ƙanwata da maciji. Ladansa shi ne ƙanzon tuwo idan ya yi saura. An yanke masa kunnuwa da aska tun yana ƙarami wai don ya yi zafi, kuma da ƙazuwa ta kama shi ya tsufa, mu da kanmu muka riƙa korarsa da dutse daga zaure har ya daina zuwa. Babu babba ko ɗaya da ya tsawata mana. Mun haddace hadisin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa, yana nan a Buhari da Muslim, amma a wuce ta unguwa a ga yara sun taru suna jifan kwikwiyo a kwata, manya na zaune a kan tabarma suna hira. Babu wanda ya ce a kwana da kare a ɗaki, ni ma ba zan yi ba. Amma wanda ya ajiye kare don gadi ko farauta ya ɗauki amana, kuma ruwa da inuwa da cikakken ciki ba su fi ƙarfin kowa ba.

Sakacin nan kuma a kanmu yake ƙarewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe kusan mutum 59,000 a kowace shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Birtaniya ta rabu da cutar a jikin karnukanta tun 1922. Mu kuwa ga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Filato tana yin allurar rigakafin, ga asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, amma maharba nawa ne suke kai karnukansu a yi musu? Idan kare ya ciji yaro, maimakon a wanke ciwon da ruwa da sabulu na minti goma sha biyar a garzaya asibiti, sai a tsaya neman gashin karen a ƙona a shafa.

Washegari na kira yayana na tambaye shi karen da ke gadin shagonsa ko an taɓa yi masa allura. Ya yi shiru, sannan ya ce, “Kai kuma lafiya? Ko Turai ta fara taɓa ka ne?” Na ce, “Yaya, ka yi haƙuri, yaranka suna wasa kusa da shi kullum.” Na tura kuɗin allura da na mota, na roƙe shi ya tsawaita igiyar ta kai gindin darbejiya, ya ajiye masa kwanon ruwa. Ranar Asabar ya turo mini hoton katin rigakafin, da sa hannun likita da kwanan wata.