Duba-garin Ingila, yadda na gan su

Yaya barka da warhaka, ya yara ya aikin asibiti. Kin tambaye ni wai da gaske ne a nan Ingila gwamnati na bin asibitoci da makarantu tana dubawa ko dai zuzutawa ce irin ta 'yan ci-rani. To ana dubawa kam, kuma ana shakkarsu, amma ba kamar yadda ake faɗa a gida ba.

Na abinci shi ya fi burge ni. Ma'aikacin ƙaramar hukuma zai faɗo gidan abinci ko shagon nama ba sanarwa, ya buɗe firji ya auna sanyinsa, ya duba ko an haɗa ɗanyen nama da dafaffe, ya leƙa lungu ko akwai kashin ɓera, sannan ya ba da maki daga 0 zuwa 5. Duba-gari ne dai irin na zamanin su Baba masu leƙa randa. Sai dai a Ingila ba dole ba ne mai shago ya manna makin a ƙofa, a Wales da Ireland ta Arewa ne doka ta tilasta, shi ya sa in na ga ƙofa wayam sai in duba a intanet kafin in sayi nama.

Mu kuma masu aikin kula da tsofaffi hukumar da ke kanmu sunanta CQC, tun 2009 take, ita ke duba asibitoci da likitocin unguwa da gidaje irin namu. In suka zo wallahi ko manaja jikinta rawa yake, za su buɗe kabad ɗin magani su ƙirga, su bi takardar kowane tsoho su ga ko an juya shi a kan gado a kan lokaci don kar ya yi gyambo, su ja ki gefe su tambaye ki in kin ga ana cin zalin wani wa za ki faɗa wa, su zauna da tsofaffin ba mu a wajen. Daga nan su ba da ɗaya cikin matsayi 4, daga wanda ya yi fice har wanda ya gaza, rahoton ya hau intanet kowa ya karanta. Gidan da ya gaza iyalai kan kwashe iyayensu, kuma hukumar na da ikon rufe shi.

Abin da ke ci min rai shi ne ba sa zuwa akai-akai. A 2024 gwamnati ta sa Dakta Penny Dash ta binciki ita hukumar kanta, aka gano kusan 1 cikin 5 na wuraren da ke ƙarƙashinta ba a taɓa ba su matsayi ba, dubawar da ake yi a shekara ba ta kai rabin ta kafin korona ba, har ministan lafiya na lokacin Wes Streeting ya fito ya ce hukumar ba ta iya aikin da aka kafa ta don shi. Kin ga kenan gida na iya rataye da shaidar "mai kyau" alhali manaja da ma'aikatan da suka samo ta duk sun daɗe da barin wurin. Kuma takarda tana rufe abubuwa da yawa. Asibitin Whorlton Hall yana da shaidar mai kyau lokacin da BBC ta shigar da kyamara a ɓoye a 2019 ta nuno yadda ake azabtar da masu lalurar ƙwaƙwalwa, abin ba kyan gani Yaya.

Na makarantu kuma, Ofsted, tsananinsu ne ya yi yawa. Wata shugabar firamare a Reading, Ruth Perry, ta kashe kanta a 2023 bayan an sauke makarantarta daga sama zuwa ƙasa, sai a 2024 aka daina yanke wa makaranta hukunci da kalma ɗaya.

Mu ma a gida ai muna da su NAFDAC da SERVICOM mai sa ido kan yadda ma'aikatun gwamnati ke yi wa jama'a aiki, masu dubawa ba su muka rasa ba, rahoton ne talaka ba ya gani. Da za a riƙa manna sakamakon kowane asibiti a bakin get da ranar da aka duba shi, da Hausa, da an ga canji. Ni dai a nan duk wanda ya tambaye ni gidan da zai kai mahaifiyarsa ina ce masa ya fara duba shekarar rahoton, sannan ya je da kansa ranar Lahadi da yamma ya ƙirga ma'aikata nawa ne a bakin aiki. Ki gaida Inna da kyau.