Na'urar tsayar da ciyawar roba: yadda ta yi a dandamalin ƙaramin jirgi

Duk wanda ya taɓa barbaɗa ciyawar roba da hannu a kan gam ya san yadda take ƙarewa. Zaren ciyawar ya kwanta ya cuɗe kamar tsohon bargo, ɗan samfurin jirgin saman da aka yi makonni ana haɗawa ya zama kamar an ɗora shi bisa kafet. Don wannan aka yi na'urar tsayar da ciyawa. Noch na Jamus da Woodland Scenics na Amurka suna cikin sanannun masu ƙera ta, akwai kuma ƙanana marasa suna da yawa. Wadda na yi aiki da ita ɗaya ce daga cikin ƙananan: batir mai ƙarfin 9V, kofin zuba ciyawa, rariya biyu, da waya mai ɗan maƙali a baki. Na gwada ta a dandamali uku, wato faifan da ake ɗora samfurin jirgi a kai, biyu na sikelin 1/72 (samfurin ya fi jirgin gaske ƙanƙanta sau 72), ɗaya na 1/48.

Aikinta ba wuya. Tana ɗaga ƙarfin batirin zuwa dubban bolt, rariyar ta ɗauki caji, wayar kuma a haɗa ta da jiƙaƙƙen gam. Zaren da ya fito daga rariya sai ya miƙe, ya soke kansa cikin gam a tsaye. Wannan kam tana yinsa da kyau, musamman da zare mai milimita 2. Amma tsayar da zare daban, fili ya yi kama da na gaske daban, kuma a nan ne yawancin dandamali suke lalacewa.

Kuskure na farko tsawon ciyawa ne. A yi lissafi kafin a buɗe leda. A sikelin 1/72, zare mai milimita 2 yana daidai da ciyawa mai kusan santimita 14. Mai milimita 6 kuwa ya kai santimita 43. Tayar Spitfire, jirgin yaƙin Birtaniya, a wannan sikelin ba ta wuce kimanin milimita 8 ba, ke nan zare mai 6 zai haɗiye ta kusan gaba ɗaya. Filayen jirage na ciyawa, irin Duxford a Ingila a 1940, ana yanke ciyawarsu, domin doguwar ciyawa tana rage wa jirgi gudu lokacin tashi. Saboda haka a 1/72 a tsaya kan milimita 1 zuwa 2, a 1/48 milimita 2, a 1/32 a iya kaiwa 4. Dogon zare sai a gefen fili, gindin shinge ko bakin rami.

Ƙasa kuma ita ce rabin aikin. Idan dandamalin na MDF ne, wato matsattsen garin katako, a shafe shi da banish gaba da baya da gefuna, in ba haka ba ruwan gam zai shige shi ya lanƙwashe bayan kwana biyu. Idan na XPS ne, wato soson roba mai tauri, kada a fesa masa fentin gwangwani kai tsaye, yana narkar da shi. A shimfiɗa filasta siririya, milimita 1 zuwa 2, da ɗan tudu da kwari kaɗan, a barbaɗa tataccen rairayi, a yi fentin ruwan ƙasa mai duhu marar sheƙi. Tun filastar tana da laushi a danna tayoyin jirgin a ciki kamar rabin milimita, a ja sawun taya zuwa baya. Ciyawa ba ta rufe ƙasa ɗari bisa ɗari, duk abin da ke ƙasa zai leƙo. Wanda ya yi wa ƙasa koren fenti zai samu filin ƙwallo.

Gam fari na katako, wato PVA, ya isa: kashi uku gam, kashi ɗaya ruwa. Matsalarsa yana yin fata a sama cikin 'yan mintuna, da zarar ya yi fata zare ba ya shiga, sai ya kwanta a kai. Don haka kada a shafa fiye da faɗin tafin hannu a lokaci ɗaya, kuma a bar bakin shafin ya zama a karkace, kada layin haɗi ya fito. A kafa siririyar ƙusa cikin jiƙaƙƙen gam, a maƙala mata wayar, a matsar da ita duk lokacin da aka koma sabon wuri. Kofin a cika shi rabi kawai. A riƙe rariyar santimita 2 zuwa 3 daga ƙasa, ana girgizawa a hankali. Bayan an gama, a sake wucewa sau biyu da kofi babu komai a ciki. Wannan yana ɗaga zaren da ya karkace, kuma bambancin da yake kawowa a bayyane yake.

Launi ɗaya daga leda bai taɓa gamsar da ni ba. Haɗin da ya fi min kyau shi ne kashi biyu kore matsakaici, kashi ɗaya kore mai duhu, kashi ɗaya launin busasshiyar ciyawa, a girgiza su tare cikin kwalba. Inda ma'aikata suke takawa, wajen fukafuki da inda ake zuba mai, a ɗiga gam da guntun soso a bar ƙasa tana bayyana. Ko da haka zaren nailan yana sheƙi a ƙarƙashin fitila, kuma kyamara ba ta yafe wannan. Bayan awa 24, a zuƙe rarar da injin zuƙe ƙura wanda aka ɗaura wa safa a baki don a tattara zaren, sannan a fesa fenti marar sheƙi mai ruwa sosai daga gefe, ruwan ƙasa a ƙasa-ƙasa, rawaya mai toka a kan tsini.

Yanzu aibun na'urar. Batirin yana raunana ba tare da wata alama ba. Fitilarta tana ci, amma zare ya fara kwanciya, mutum ya yi ta zargin gam. A sa sabon batir a kowane babban aiki. Zare mai milimita 6 rabi ne kawai yake tsayawa, ƙarfinta bai kai ba. Kofin ya yi faɗi ga lungu, sai an toshe wani sashe na rariyar da tef. Idan iska tana da danshi zaren yana dunƙulewa ya toshe rariya, maganinsa a ajiye shi cikin rufaffiyar kwalba a warware shi da yatsu kafin a zuba. Abin da ya fi damuna shi ne caji yana saura bayan an kashe ta, kuma takardar da ta zo da ita ba ta jaddada haka ba. Dole a taɓa maƙalin da rariya a sauke cajin kafin a kai hannu. Tana yin tartsatsi, don haka a nisanta ta da sinadarin tsinka fenti, mai na'urar daidaita bugun zuciya kuma kada ya yi amfani da ita.

Ga mai yin dandamalin 1/72 da 1/48 da gajeren zare, ƙaramar ta wadatar, ban ga dalilin neman babba ba. Mai son doguwar ciyawa a 1/32 ya nemi mai ƙarfi.

Jirgin shi ne na ƙarshe a hawa. Idan yana kusa lokacin barbaɗawa, zare zai manne wa gilashin matuƙi ya shige ciki, ba ya fitowa. A aske ciyawar da ke gurbin taya da ƙaramin almakashi har ƙasa, a huda tayar daga ƙasa, a sa sandar tagulla mai kaurin milimita 0.5 ta shiga dandamalin. Sannan a kwantar da zaren da ke kan sawun taya da jiƙaƙƙen buroshi, ya fuskanci inda jirgin ya nufa.