Abincin Italiya a Kano: wikend ɗin da muka huta ba mu bar gari ba

Mun daɗe ni da maigida muna cewa za mu je Abuja mu huta kwana biyu, kullum sai wani abu ya taso, ga kuɗin jirgi ga halin hanya, a ƙarshe dai ya ce to mu kai yara gidan Hajiya mu yi hutun a nan Kano mana. Haka aka yi kuwa.

Asabar da hantsi muka fara da marinar Ƙofar Mata, wadda aka ce tun 1498 ake rini a cikinta. Na tsaya kan wani dattijo yana tsoma yadi a karofi yana ɗagowa, da farko kore-kore yake fitowa sai iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idona, hannayensa har gwiwar hannu duk sun rine da baba. Na ce Baba sannu da aiki, ya ce yawwa 'yata. Daga nan muka leƙa Gidan Makama, ginin zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wallahi a Kano aka haife ni amma rabona da shiga tun muna firamare.

Abin da ya sa na zauna rubutun nan dai shi ne inda muka ci abincin dare, wani gidan abinci a Nassarawa da ke yin girkin Italiya. Bayan magariba muka isa. Wurin tsaf, ba hayaniya, akwai ɗan masallaci a gefe har da wurin mata, wannan kaɗai ya sa na ji na sake.

Ni fa kafin mu je tsorona ɗaya ne. Girkin Italiya na asali akwai giyar inabi da naman alade a ciki da yawa, ba a kofi kaɗai suke shan giyar ba, a tukunya ma suna zubawa. Risoto misali, wannan shinkafar tasu mai danƙo, farar giya ake fara zuba mata kafin romo. Kabonara, taliyar mutanen Roma, da naman kumatun alade ake yinta. Tiramisu ma, wani kayan zaƙinsu, wasu suna saka masa giyar Marsala ta tsibirin Sisili. Don haka da yaron da ke kawo abinci ya zo na ce ɗan samari tsaya tukuna, ka gaya min tsakani da Allah me kuke sakawa. Bai yi min kwana-kwana ba, ya ce Hajiya bari in kira mai girkin. Mai girkin ya fito da kansa da hularsa, ya ce babu giya a kicin ɗinsu kwata-kwata, risoto da ruwan lemon tsami da romon kaza suke yi, kabonara kuma da naman shanu da aka busar da hayaƙi. Wannan amsar ita ta saye ni tun kafin in ɗanɗana komai, don sau nawa za ka tambaya a wuri a ce maka "ba komai Hajiya" alhali shi kansa mai faɗa bai sani ba.

Kabonarar na ce a kawo min. Jama'a taliyar nan ba irin tamu ba ce da muke dafawa ta yi luguf, da ɗan saura a tsakiya, sai ka tauna, su Italiyawa al dente suke ce masa kuma da gangan ne. Cokalin farko maigida ya ce anya ta dahu, cokali na uku ya daina magana ya jawo farantina gabansa. Ba miya ba ce aka zuba a kai, gwaiduwar ƙwai ce da cuku da masoro aka juya da zafin taliyar har ya zama kamar kirim ya manne a kowane sili, ba tumatir ko ɗigo. Tana da nauyi fa, rabin faranti ya isa mutum.

Shi kuma fiza Margarita ya yi oda, ta birnin Nafoli, wadda ake danganta sunanta da Sarauniya Margarita tun 1889, jan tumatir, farin cuku, koren ganye, launin tutar Italiya kenan. Ganyen da na shinshina sai na ji ƙamshin ɗoɗɗoya sak, ashe danginta ne. Burodin siriri, bakinsa ya ɗan ƙone kaɗan yadda ya kamata. Amma gaskiya sun ɓata mana rai a nan, mun fi minti arba'in muna jira, aka ɗauke wuta kafin janareta ya tashi esi ya mutu wurin ya ɗau zafi, kuma da fizar ta iso cukun ya fara daskarewa. Fiza da zafinta ake ci, ya kamata su gyara wannan. Sun ba da haƙuri dai.

Abin sha kuwa ruwan inabi mai gas suka kawo a doguwar kwalba, irin wanda ake buɗewa a dinar biki, na karɓi kwalbar na duba da kaina babu giya. Ya yi zaƙi da yawa a kan kabonara, da zan koma ruwan sanyi da lemon tsami zan ce a ba ni. Tiramisu ɗin kuma ba magana, biskit da aka jiƙa a ruwan kofi, kirim mai laushi, garin koko a sama, mai son kofi zai lashe cokali.

Kuɗi dai akwai tsada, ba wurin zuwa kullum ba ne, abin da muka kashe mu biyu zai yi cefanen kwanaki a gida. In za ku je ku yi oda ɗaya na taliya ɗaya na fiza ku raba, kuma ku je da wuri kafin isha'i a cika.

Lahadi bayan asuba muka hau Dala kafin rana ta ɗaga, muka zauna muna kallon gari yana tashi, hasumiyar babban masallaci da rufin Kurmi duk a ƙasanmu. Muna saukowa muka biya muka ɗauko yara, ƙaramar tana ta tambaya wai me muka rage mata, sai da na buɗe mata ragowar fizar da muka taho da ita a kwali.