Ajin Turanci na WhatsApp: darasi ɗaya ya burge ni, gyara ɗaya ya ɓata min rai

Wata biyu ke nan da na shiga ajin nan na WhatsApp da ake ta yi wa talla ga masu shirin jarrabawar Turanci ta IELTS. Ba sai na faɗi kuɗinsa ba, duk ma'aikaciyar jinyar da ke hangen Ingila ta san shi. Hukumar jinya ta can tana neman maki 7 a sauraro da karatu da magana, 6.5 a rubutu, ni kuwa sau biyu ina maƙalewa a 6. Ƙawata da ta duba min takarduna ta ce kullum wuri ɗaya nake tuntuɓe: ban san inda ake sa "to" kafin aikatau ba, da inda ake liƙa masa "-ing" a wutsiya.

A sati na uku Malam ya turo saƙon murya na minti 11. Ina aikin dare, wajen ƙarfe biyu, marasa lafiya sun samu barci, na saka abin kunne na zauna a bencin bakin ɗaki. Da Hausa ya fara. Ya ce mu dubi "ya daina shan taba" da "ya tsaya ya sha taba", na farko shi ne "he stopped smoking", na biyu "he stopped to smoke". Wallahi sai da na mayar da saƙon baya sau uku. Tun sakandare nake ganin jimlolin nan, ba wanda ya taɓa raba min su haka. Sannan ya kawo misali daga aikinmu: "remember to give the injection", allura ce da ba a yi ba tukuna, ana tuna miki, "I remember giving the injection", an riga an yi, kina tuna lokacin. Duk wadda ta taɓa miƙa aiki da asuba ta san bambancin nan ba na wasa ba ne.

Ya kuma ja mana kunne cewa Hausa ba za ta kai mu ko'ina da ko'ina ba. Muna cewa "na ƙi zuwa", amma Bature "I refused to go" yake cewa. Su "enjoy" da "avoid" da "finish" da "suggest" sai da "-ing". Su "want" da "decide" da "hope" da "promise" sai da "to". Ya ce kada mu haddace su tsirara, kowanne mu ɗaura masa jimla. Da a daren nan na rubuta sharhin nan, da yabo kawai za ku karanta.

To amma ba Malam ke duba aikin gida ba, wani mataimakinsa ne. A maƙalata na rubuta "many nurses are used to working at night", ina nufin sun saba da aikin dare. Ya ja jan layi, ya mayar min "used to work", ya rage min maki. Wannan ai wata magana ce daban, ma'anarta a da suna aikin dare, yanzu sun bari. Na yi magana a rukuni cikin ladabi. Na ce Malam ƙarami, wannan "to" ɗin irin na "look forward to hearing" ne, suna ke bin sa, shi ya sa aikatau ke ɗaukar "-ing". Amsarsa ita ce, Hajiya, bayan "to" ba a taɓa sa "-ing", a bi abin da aka koyar. Ba a jima ba aka kulle rukunin, shugabanni kaɗai ke iya rubutu.

Kwana huɗu ina tura wa Malam saƙo kafin ya amsa. Ya ce 'yar'uwa, ke ce da gaskiya, a yi haƙuri, yaron sabo ne. Na ji daɗi ya amsa laifi, amma a akwatina ya amsa, ba a rukuni ba. Mu kusan 40 ne a ciki, yawancinmu mata masu tara kuɗin jarrabawa da kyar daga albashi. Sun ga an gyara ni, ba su ga an janye gyaran ba. Wata ma ta kira ni tana cewa ta bi duk rubutunta ta goge "-ing" bayan "to". Sai da muka shafe rabin awa a waya muna mayar da su ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu da nake rubutu na tuna ma ajin magana na ranar Asabar da aka yi mana alkawari, sau biyu kacal aka yi shi cikin sati takwas.

Saƙon muryar nan yana wayata har yau, ina sauraronsa a hanyar zuwa aiki. Jiya aka turo min lambar asusu in sabunta rajista. Na rubuta wa Malam cewa zan biya ranar da ya gyara maganar "used to" a gaban kowa, har yanzu ban ji daga gare shi ba.